Revit ko Archicad: wanne ciwon kai za ka iya ɗauka?

Wannan tambaya ta Revit ko Archicad, manhajojin nan biyu na zanen gini, na sha ta har na gaji, kuma abin da na lura duk wanda ya zo da ita jerin abubuwan da kowacce manhaja ke iya yi yake so a karanto masa, wai wacce ta fi kyan 3D, wacce ta fi saurin fitar da filan. Toh gaskiya ta wannan ɓangaren ba za ka samu amsa ba, domin duk biyun za su ja maka bango su sa ƙofa su fitar da sekshan da jadawalin tagogi ba tare da ka sake zana komai ba, ai shi ne ma'anar BIM ɗin tun farko, ka gina abu sau ɗaya sauran takardu su fito daga jikinsa. Inda suka rabu shi ne ranar da abu ya lalace. Kowacce tana da kalar rashin mutuncinta, kuma ni a ganina da wannan ya kamata mutum ya yi zaɓi, da kuma su waye zai riƙa musayar fayil da su.

Ɗan tarihi kaɗan saboda yana bayyana halinsu. Archicad ta girmi Revit nesa ba kusa ba, kamfanin Graphisoft ne ya yi ta a Budapest ta ƙasar Hangari, an kafa shi 1982, manhajar ta fito wajen 1984 a kan kwamfutar Apple, kuma tun asali masu zanen gini aka yi wa ita. Yanzu Graphisoft na ƙarƙashin Nemetschek na Jamus tun 2007. Revit kuwa a Amurka aka haife ta, ta fito 2000, Autodesk masu AutoCAD suka saye ta a 2002, daga baya suka cusa mata ɓangaren injiniyan ƙarfe da kankare da na lantarki da famfo da sanyaya ɗaki duk a gida ɗaya. Kaga ɗaya ta taso ɗiyar akitek ce, ɗayar kuma an mayar da ita gidan haya kowa da ɗakinsa.

Mu fara da abin da ya fi sa mutane kuka a Revit, wato maganar shekara. Fayil ɗin da aka buɗe aka adana a Revit 2024 ba zai taɓa buɗuwa a 2023 ba, babu wani Save As da zai mayar da shi baya, babu dabara, an wuce wurin kenan. Ya taɓa faruwa da mu, muna aiki da na 2022 muka tura wa wani injiniya fayil ya duba ginshiƙai, shi kuma bawan Allah sabuwa ce a kwamfutarsa, ta tambaye shi ko ya yarda a ɗaga fayil ɗin ya danna eh ko karantawa bai yi ba, ya yi kwana uku yana aiki ya dawo mana da shi, mu kuma muka danna ya ƙi buɗuwa. Ƙarshe ko dai kowa a ofis ya koma sabuwar a tsakiyar aiki ko a zubar da aikin kwana uku, mun zaɓi na farko kuma mun ji jiki. Tun daga ranar kafin a ja layi ɗaya sai an rubuta a takarda shekarar da kowa zai yi amfani da ita, har sunan fayil nake liƙa wa R22 ko R24 a ƙarshe. Archicad ta ɗan fi sassauci a nan, tana bari ka adana zuwa wadda ta gabace ta da mataki ɗaya, za ka iya rasa wasu sababbin abubuwa amma dai fayil zai buɗu. Mataki ɗaya ne fa kawai, kar ka ɗauka daga 27 za ka dira 22.

Sai dai kar masu Archicad su yi dariya da yawa, su ma nasu na nan, laburare. Ka buɗe tsohon aiki ko wanda wani ya turo maka sai ka ga inda kujeru da ƙofofi suke duk sun koma ɗigo-ɗigon baƙi, Library Manager na nuna maka jerin abubuwan da suka ɓata. Dalili shi ne fayil ɗin PLN, wato fayil ɗin aikin Archicad na yau da kullum, ba ya ɗauke da kayan laburaren a cikinsa, nuni kawai yake yi zuwa inda suke, in babu su a kwamfutarka shi kenan. Maganin mai sauƙi ne amma kullum sai an manta: in za ka tura wa wani ko za ka ajiye aikin da aka gama, ka adana shi a PLA, shi wannan yana tattara duk abin da aka yi amfani da shi ya ƙulle a ciki. In kuma tsohon aiki ne ka ɗaga zuwa sabuwar Archicad, ka bari ta loda laburaren ƙaura da take tambaya, kar ka danna wucewa don sauri. Revit ba ta da wannan matsalar sosai don famili, wato kaya irin su ƙofa ko taga ko kujera a yarenta, in ka loda shi ya shiga cikin RVT ɗin, wato fayil ɗin aikinta, ya zauna, amma kuma shi ya sa fayil ɗinta ke kumbura kamar an hura.

Tunda na ambaci famili bari in tsaya a nan, domin nan ne nake ganin Revit ta yi wa Archicad fintinkau. In kana son ƙofa ko taga ko wani kabad naka na kanka wanda zai riƙa miƙewa yana tsukewa da lamba, a Revit za ka buɗe Family Editor ka zana da hannu ka ɗaura ma'auni a jikin layukan tunani, wahala ce a makon farko amma mutum na koya. A Archicad kayan laburare da wani yaren kwamfuta aka rubuta su mai suna GDL, waɗanda suka zo da manhajar suna da saiti kamar ba gobe, ƙofa ɗaya za ka juya ta ta zama kala hamsin, amma ranar da kake son abin da babu a ciki toh ko ka koyi rubuta kod ko ka lallaɓa da Morph, kayan sassaƙa siffa da hannu, ka adana shi a matsayin abu wanda ba shi da wayo sosai. Sun kawo Param-O don rage wannan wahala, duk da haka ban ga ya kai sauƙin na Revit ba. Ga kuma kamfanonin da ke ƙera kaya, masu fanfo da fitilu da lif, yawancinsu RFA, wato fayil ɗin famili na Revit, suke fara saki. Amma nan ma akwai tarko, famili na intanet wani sa'in kujera ɗaya an zana mata har kusoshi, ka zuba guda ɗari biyu a zaure sai model ya koma tafiyar hawainiya. Ni duk abin da na sauko da shi sai na buɗe shi shi kaɗai na duba nauyinsa kafin ya shiga aiki.

Yanzu babbar tambayar kowane sabon shiga: na zana abu kuma ba na ganinsa. Wallahi rabin kiran da ake min kenan. A Revit hanyoyin da abu zai ɓuya sun fi goma, shi ya sa nake bin su a jere ba na tsalle. Na farko danna ɗan kwan fitilar nan na ƙasa, Reveal Hidden Elements, ko wani ya ɓoye shi da hannu. In ba shi ba ka buga VG, gajeriyar hanyar buɗe Visibility/Graphics, ka ga ko an kashe rukuninsa ko wata tacewa ta cinye shi, in ka ga wurin ya yi toka-toka ba ya taɓuwa toh View Template ne ke riƙe da shafin, can za ka je. Daga nan View Range, filan yankan gini ne a wani tsayi, yawanci milimita 1200 daga ƙasa, ƙaramar tagar banɗaki da ke can sama ba lallai ta fito ba sai ka zagaye wurin da Plan Region ka ɗaga yankan a nan kaɗai. In har yanzu shiru ka duba Phase, ka duba Workset ko a rufe yake, ka duba Design Option, ka duba ko Crop Region ya yanke shi, sannan Discipline, don shafin da aka sa wa Structural yana ɓoye bangon da ba ya ɗaukar nauyi, wannan ya taɓa cinye min awa biyu ina zagin kwamfuta alhali laifina ne. Alamar sekshan kuma tana da nata saitin na ɓuya in sikeli ya wuce wani mataki.

A Archicad jerin ya fi gajarta kuma kusan kullum leya ce, wato shimfiɗar da ake ɗora abubuwa a kai a kunna ta ko a kashe. Ko leyar a kashe take, ko Layer Combination na shafin da ka buɗe bai haɗa da ita ba. In ba leya ba toh Renovation Filter, wato ka sa abu a matsayin wanda za a rushe kana kallon filan sabon gini, ko Partial Structure Display an bar shi a kan ƙashin gini kaɗai, ko abin yana zaune a wani hawa daban kuma ba a ce ya nuna a wannan ba. Wanda ya taso da AutoCAD zai ji kamar gida don ya saba da leya. Revit ba ta da leya kwata-kwata, rukuni take amfani da shi, bango bango ne ƙofa ƙofa ce ba ka da ikon canza musu gida, da farko abin na ba da haushi amma daga baya za ka gane ya hana shirmen nan na mutum ya zana bango a leyar rubutu.

Wani wurin da halinsu ya fito fili shi ne yadda abubuwa ke riƙe juna. Revit komai a ɗaure yake da komai, ka matsar da Level ɗaya, wato layin tsayin hawa, bango da dekin da matakala duk su biyo, abin sha'awa, har ranar da za ka matsar da bango santimita biyar ta fito maka da saƙon cewa ba za ta iya riƙe haɗin ba ko sai ta goge wani ma'auni. Yawanci mu ne muke jawo wa kanmu, duk inda ɗan kwaɗon nan ya fito sai mu danna mu kulle, bayan wata uku model ya zama sarƙa babu mai iya motsa komai. Kar ka kulle sai abin da lallai ne. Sannan jerin Warnings ɗin nan da kowa ke yi wa kallon banza, ka riƙa shiga duk mako kana rage su, musamman na bango biyu a kan juna da na abu biyu iri ɗaya a wuri ɗaya, wannan na biyun ma har jadawali yake ɓatawa don zai ƙirga maka ƙofa biyu inda ɗaya ce. Archicad ta fi sakin jiki, ba ta cika yi maka gardama ba, za ka ja ka tura yadda kake so shi ya sa masu zane ke jin daɗinta a farkon aiki lokacin da ra'ayi ke canzawa kullum. Amma rashin gardamar yana nufin ba za ta faɗa maka ka yi kuskure ba, kai ne za ka gano da idonka.

Haɗuwar bango da bango kuwa na fi son na Archicad. Kowane kayan gini, kankare ko bulo ko filasta, yana da lambar fifiko daga 0 zuwa 999, mai babbar lamba ya ratsa mai ƙarama, in ka tsara lambobin sau ɗaya a tamfilet sai ka ga sekshan na fitowa tsaf da kansa. In ka ga bango biyu sun ƙi haɗuwa duba layin tushensu ko sun taɓa juna, sannan duba lambar da ke gefen leyoyinsu ko iri ɗaya ce, in ta bambanta ba za su gaisa ba ko shekara za ka yi. Matsalarta kuma in kana kwafo abubuwa daga wani aiki, sai ka wayi gari da leya da kayan gini iri ɗaya kala uku-uku, dole lokaci-lokaci a shiga a share a haɗe.

Nauyin fayil da jinkiri, nan duk biyun abu ɗaya ke kashe su: DWG, wato fayil ɗin zanen AutoCAD. Kar ka yi Import in Link zai yi, kuma don girman Allah kar ka fasa shi a cikin model, zai zubo maka ɗaruruwan salon layi da rubutu da ba za ka gama sharewa ba. Mafi muni shi ne zanen safiyo mai ɗauke da ainihin lambobin wuri, abin yana can nesa da tsakiyar fayil da ɗaruruwan kilomita, Revit kuma an yi ta ne model ya zauna cikin kusan kilomita 16 daga tsakiyarta, in ya wuce sai layuka su fara rawa, ka danna nan ta kama can, da'ira ta koma kamar an tauna. Archicad ma tana yin irin wannan in ka yi nisa. Gini ya zauna kusa da tsakiya, lambobin safiyo kuma a ba Survey Point ya riƙe, duk biyun suna da shi. Bayan wannan a Revit ka riƙa yin Purge Unused, ka buɗe da Audit in ka ga alamun rashin lafiya, ka sa alamar Compact wajen adanawa. A Archicad akwai Open & Repair, kuma in fayil ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya nemi BPN da ke gefensa, shi ne adanawar da ta gabata. Na Revit su ne masu 0001 da 0002 a ƙarshen suna, kar ka goge su don wai sun cika folda sai aiki ya fita.

Aikin mutane da yawa a fayil ɗaya. Revit tana da fayil na tsakiya kowa ya ɗauki kwafinsa yana Synchronize, yana aiki lafiya in duk kuna kan sabar ofis ɗaya, in kuna nesa da juna kuma sai an biya kuɗin girgijen Autodesk daban. Abin da ba a yi shi ne ajiye fayil na tsakiya a Dropbox ko OneDrive ko Google Drive, na san yana da jan hankali don kyauta ne, amma mutum biyu suka adana lokaci ɗaya aikin ɗaya ya tafi ko fayil ɗin ya lalace. Kuma kowace safiya a ɗauki sabon kwafi, wanda zai tashi ya saki abin da ya riƙe, ba ya tafi hutu da rabin bene a aljihunsa ba. Teamwork na Archicad da BIMcloud, tun Archicad 13 a 2009 suka koma tura abin da ya canza kaɗai maimakon dukan fayil, saboda haka in intanet ɗinka mai tangal-tangal ne za ka fi samun sauƙi da shi, wannan kam na ba su.

Toh amma ga inda duk wannan yabon na Archicad ke cin karo da bango. In injiniyoyin da kake aiki da su duk Revit suke, kai kaɗai ne a Archicad, kullum sai ta IFC za ku gaisa. IFC tsarin fayil ne na kowa da kowa da ƙungiyar buildingSMART ke kula da shi, akwai IFC2x3 da har yanzu ake yawan nema akwai IFC4, kuma Archicad ta ƙware a fitar da shi. Sai dai IFC an yi shi ne don a duba a daidaita, in injiniya ya buɗe naka a Revit yana son ya ja bango kamar shi ya zana zai sha mamaki, abubuwa da yawa za su zo masa kamar dutse. Ya yi Link ɗinsa kawai ya zana nasa a kai, ku gwada musayar tun makon farko da ɗaki ɗaya da ginshiƙi biyu ku ga ko sun sauka wuri ɗaya kuma hawa ya yi daidai da hawa, karon bututu da ginshiƙi kuma a duba a manhajojin duba model irin su Navisworks ko Solibri. In kai injiniya ne ma babu dogon zance, jera rodi da lissafin bututun iska da wayarin Revit ce gidansu, in kuma ƙarfe zalla ne har zanen masana'anta toh Tekla Structures ake nema ba ɗayan biyun nan ba.

Kwamfuta: Revit Windows kaɗai take sha, mai Mac sai ya bi ta Parallels kuma ba daɗi in model ya girma, Archicad kuwa tana gudu a duka biyun. Kuma kafin ka zuba kuɗi a katin hoto mai tsada ka sani yawancin aikin Revit ƙarfin ƙwaƙwalwa ɗaya ta furosesa yake ci, RAM mai yawa da SSD sun fi yi maka amfani sai in kana renda. Lasisi kuwa kar ka sa ran sauƙi a ko'ina, Autodesk ta daina sayar da na dindindin tun 2016 sai haya, har a 2020 wasu manyan ofisoshin zane na Ingila ciki har da Zaha Hadid Architects suka rubuta mata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙorafin tsada da jinkirin gyara Revit, Graphisoft ma daga baya ta kama hanyar hayar. Wanda ba shi da halin ko ɗaya akwai Bonsai da ake kira BlenderBIM a da, kyauta ce a kan Blender kuma IFC take rubutawa kai tsaye, amma sai mai haƙuri.

In ɗalibi ne kai ko mai neman aiki a babban ofis, ni dai Revit zan ce ka fara, ba don ta fi daɗi ba, don ita ce za ka fi gani a tallan aiki kuma in ka maƙale za ka fi samun wanda ya taɓa maƙalewa a wurin. In kuma ofis ɗinku ƙarami ne, zane ne aikinku, kuna kan Mac ko kuna aiki daga wurare daban-daban, kuma injiniyanku DWG ko IFC ya ishe shi, Archicad za ta fi barinku ku yi barci. Duk biyun suna ba da gwajin kwana 30 kuma ɗalibai na samu kyauta, amma kar ka ɓata kwanakin kana zagaya gidan samfurin da suka zo da shi, an gyara shi ne don ya burge ka. Ɗauki wani ƙaramin bene da ka taɓa zanawa, mai matakala mai lanƙwasa da rufi mai kusurwa da yawa, ka gina shi a kowacce har filan da sekshan da jadawalin ƙofofi su hau takarda, sannan ka ɗaga tsayin hawa na farko da milimita 300 ka ga me zai fashe, ka fitar da IFC ka tura wa injiniyanka ya buɗe yana kan waya da kai.